Ƙofar da Ban Rubuta Ba

A shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon aikin kwamfuta, aka ce kowa ya nemi inda zai yi staj, wato koyon aiki a hannu, na wata uku. Abokan karatuna suka bazama ofis-ofis da takardunsu. Ni kuwa sati biyu takardata tana cikin jaka, domin duk ƙofar da na isa sai in tsaya in karanta allon da ke jikinta, in gyara mayafi, in juya. Babana ne ya gaji. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo kantinmu na unguwar Sotega tare da abokinsa, suka same ni a bayan kanta ina karatu tsakanin katan ɗin madara da buhun shinkafa. Ya nuna ni ya ce, "Ga ta nan. Kai za ka yi mata magana, don ita sai shekara ta ƙare ba ta buɗe baki ba."

Abokin nan tun ina ƙarama Kawu nake ce masa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Jirgin ruwa ɗaya ya sauke su a Gabon shi da babana suna samari. Babana ya kama kanti, shi kuma ya bi wani mai gyaran tarho a unguwar Oloumi. Daga tarho ya koma jan wayar kwamfuta, har wani kamfanin fiton kaya da ke Owendo ya ɗauke shi aiki. Duk wata waya da ke cikin kamfanin nan, daga ofisoshin bene har rumbun ajiya, hannunsa ne ya ja ta.

Haka na fara shiga taksi-bas kowace safiya zuwa Owendo, a matse a kujerar baya, littafina a kan cinya, muna bin bayan manyan motocin katako.

Shugabar sashenmu injiniya ce 'yar ƙasa, doguwa, mai saurin magana, kowa Madam yake ce mata. Ranar farko ta kai ni wani ɗaki mai sanyi, ta nuna min akwatunan ƙarfe a jere, kowanne da ƙananan ƙofofi ashirin da huɗu inda ake cusa waya, kowace ƙofa da fitilarta mai ƙiftawa. Suwic ake ce musu. Su ne ke raba rezo, wato layin sadarwa, ga kwamfutoci da na'urorin buga takarda da kyamarori. Ta ce matsalarta ita ce an saye su lokuta daban-daban daga kamfanoni daban-daban, kowanne da irin umarnin da yake ji, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san wace waya ta nufi ina. Ta kalli Kawu da ke tsaye a bakin ƙofa. Ya yi murmushi kamar an yaba masa.

Abin da take so shi ne a rubuta komai cikin tsari guda, irin wanda masu wannan aiki suka yarda da shi a ko'ina, wanda ake tsarawa da wani harshe mai suna YANG. Model ake kiran tsarin. Kamarsa ɗaya da bishiya. Na'ura ce gindi, ƙofofinta ne rassa, a ƙarƙashin kowace ƙofa kuma akwai gurbin suna, da na irinta, da na bayanin inda ta nufa, da na ko a buɗe take ko a rufe. In aka gama rubutawa, wata manhaja za ta ɗauki rubutun ta gaya wa kowane akwati abin da zai yi, ko wane kamfani ya ƙera shi. Aikina shi ne cike gurabun.

Na ƙaunaci wannan aiki tun daga makon farko, kuma na san dalili. A cikinsa komai yana da mazauni. Gurbin da ya ce a saka lamba ba ya karɓar harafi. Gurbin buɗe ko rufe amsa biyu gare shi, babu "wataƙila", babu "sai mun gani". In na yi kuskure, manhajar za ta nuna min layin da jan rubutu, ba tsawa, ba dariya. Ni da na taso ina auna kowace kalma sau uku kafin in furta ta, Faransanci a makaranta, Hausa a gida, kullum ina tsoron in zame a ɗayansu, sai ga wurin da ba a bukatar muryata.

Amma kafin a rubuta sai an bi waya an ga inda ta tsaya, wannan kuwa sai da Kawu. Yana gaba da tsani a kafaɗa, ina baya da littafi da biro. Shi bai san akwatunan da lamba ba. Akwai Tsohuwa, wadda ya fara kafawa. Akwai Mai Tari, saboda fankarta. Akwai Ta Bayan Firji.

"Injiniya, rubuta," in ji shi daga saman tsani. "Mai Tari, ƙofa ta bakwai, ofishin mai ƙaton ciki."

"Kawu, sunan ofishin."

"To ai shi na faɗa miki. Wa bai san shi ba?"

Sai in bi wayar da ido har in ga allon ƙofar, in rubuta. Da rana mukan zauna a inuwar rumbu, ya buɗe ledar gasasshen nama da burodi, ya tura min rabin da ya fi yawa, yana ba ni labarin shekarar da ɓeraye suka cinye wayar ofishin darekta.

A wata na biyu muka isa rumbun ajiya na can ƙarshen fili. Akwati ɗaya ne a wurin, a saman bango. Muka bi ƙofofinsa ɗaya bayan ɗaya har muka zo ta ashirin da uku. Wata toka-tokar waya ce a ciki, ta bi ƙarƙashin kwano ta fice waje.

"Wannan tsallake ta," in ji Kawu.

"Fitilarta tana ƙiftawa, Kawu."

"Na gani. Tsallake."

Na tsallake. Sai da muka zauna cin abinci ya gaya min. Wayar tana bin katanga ne har ƙofar baya, inda akwai ɗan ɗakin mai gadi. Mai gadin rana tsoho ne daga wajen Maraɗi, na san shi, don kullum sai mun gaisa. Daga safe har magariba yana wurin, a tsakiyar kwantenoni da aka jibge hawa uku, inda rezon wayar hannu ba ya shiga ko kaɗan. Iyalinsa duk suna gida, rabonsa da su shekaru. Kawu ya ga haka, ya ja masa waya, ya maƙala masa ɗan akwatin wifi a bayan ƙofa, don ya riƙa jin saƙon murya daga gida yana mayarwa. Bai tambayi kowa ba.

"In kika rubuta, za a tambaya," in ji shi. "In aka tambaya, za a cire. Tsoho ne, 'yata. Abin da ya rage masa ke nan."

Ban yi gardama ba, kuma ba don kunya kaɗai ba. Na yarda da shi har cikin raina. A gidan baƙi na taso, mutanen da suka zo ƙasar wasu da 'yan takardu kaɗan. Tun ban yi wayo ba na ga yadda manya ke rage magana in mai biro da takarda ya tsaya a bakin kanti. Ba ƙarya suke yi ba. Amsa abin da aka tambaya suke yi, su bar sauran a inda yake. Alherin da ka yi wa ɗan'uwanka ma ba ka kai shi gaban hukuma, kana rufa masa asiri ne, shi ma ya rufa maka. A saninmu, abin da bai shiga takarda ba yana zaune lafiya.

Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne na karanta dokar. Madam ta ba ni takardun bayanin manhajar, na karanta su duka a taksi-bas, har na ja layi a ƙarƙashin wurin da aka ce duk ƙofar da ba ta cikin model za a mayar da ita yadda aka tsara tun asali, Madam kuwa a rufe ta tsara. Na san wannan kamar yadda na san darasin jarrabawa. Amma ranar da na tsallake ƙofa ta ashirin da uku, tunanin gidanmu na yi, kuma bai taɓa haɗuwa da wancan layin a kaina ba.

Rumbun ne na ƙarshe da aka ɗora a kan sabon tsari. Ranar Alhamis ce, cikin damina, tun safe ake ruwa. Madam ta karanta abin da na rubuta, ta danna, muka zuba wa allo ido. Layuka suka riƙa komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Ta dafa kafaɗata ta ce aikina tsaf yake, ba ta taɓa ganin ɗan staj mai kula irina ba. Na sunkuyar da kai, zuciyata fal.

Da azahar ruwan ya ɗan tsagaita, na ɗauki dafaffun 'ya'yan itacen atanga da mamata ta ƙunsa min, na nufi ƙofar baya don in ba tsohon rabonsa kamar yadda na saba. Na same shi zaune a kan benci, wayarsa a hannu, sandar tare motoci a sauke. Muka gaisa gaisuwarsa mai tsawo, ya tambayi babana, da mamata, da karatu, da ruwa. Sai can ya ce, kamar abin bai dame shi ba, "Ɗiyata, rezon naku lahiya yau?"

Na leƙa bayan ƙofa. Fitilar ɗan akwatin tana nan, amma ta rezon ta mutu.

"Ba komi," in ji shi. "Halama ruwa ne."

Kawu ya iso da laima, ya ga fuskata, ya ga akwatin. Ya tsuguna kusa da tsohon suka yi magana ƙasa-ƙasa, ni kuma na matsa gefe amma ina ji. Tun jiya wata yarinya a gidansu take naƙuda, haihuwar fari, abin ya zo da wuya. Saƙon ƙarshe da ya samu da safe ya ce an samo mota za a kai ta asibitin birni. Daga nan shiru. "Yarinyar nan ta gidan" yake ce mata, bai kama sunanta ba, bai ce tasa ce ba. Daga baya Kawu ya gaya min 'yarsa ce ta fari, kuma a wurinsu uba ba ya nuna damuwa da ɗan fari a gaban mutane. Shi ya sa ya zauna tun safe da waya a hannu, motoci suna shiga suna fita, bai aika a kira kowa ba.

Barin ƙofar ba ya yiwuwa, mai canjinsa sai magariba. Kawu ya karɓi wayar ya tafi da ita har bakin titi, ya jona ta da tasa, ya dawo a jiƙe da saƙo ɗaya: an isa asibiti, likita ya ce a jira. Tsohon ya saurara sau biyu, ya yi godiya, ya ce kada Kawu ya sake wahalar da kansa. Ya mayar da wayar kan gwiwarsa ya ci gaba da kallonta.

Muka koma rumbu. Kawu ya hau tsani da tsohuwar kwamfutarsa, ya jona ta da akwatin, ya buga umarnin da ya shekara ashirin yana bugawa. Fitilar ƙofa ta ashirin da uku ta kama. Ya sauko yana goge hannu. Kafin ya gama naɗe wayarsa ta mutu. Ya sake hawa, ya sake bugawa, ta kama. Muka tsaya muna kallonta, ruwa yana dukan kwano. Bayan 'yan mintoci ta sake mutuwa.

Ya zauna a kan wani akwatin katako, kwamfutar a cinyarsa. Ban taɓa ganinsa ya tsufa ba sai ranar.

"Wa ke kashe ta?"

"Manhajar ce, Kawu. Lokaci-lokaci tana duba akwatin, ta gwada da abin da aka rubuta. In ta ga abin da ba a rubuta ba, sai ta rufe."

"Wato ba ta san kawaici ba."

"Ba ta sani ba."

"Sai an rubuta ke nan."

"Sai an rubuta. Kuma duk abin da na rubuta, sai Madam ta karanta ta amince kafin ya wuce."

Na san abin da yake aunawa. Saura masa 'yan shekaru ya ajiye aiki, kuma ba a taɓa kiransa ofis don laifi ba. Can ya ce, "To ki rubuta ni na ja ta. Ke ba ruwanki, yarinya ce ke, abin da aka ce miki kika yi."

Amma ni na tsallake layin, da birona. Na karɓi kwamfutar daga cinyarsa, na buɗe rubutun rumbu, na saka ƙofar a mazauninta tsakanin ta ashirin da biyu da ta ashirin da huɗu. Suna, iri, a buɗe. Da na zo gurbin bayani hannuna ya tsaya. Da na ga dama sai in rubuta kyamara, ko in ce ta gwaji ce, wataƙila ta wuce. Na rubuta: ƙofar baya, wifin mai gadi, don saƙon iyalinsa. Na aika, na tashi.

Matakalar benen ba ta fi ashirin ba, amma sau biyu na tsaya. Na sami Madam tana cin abinci a gaban allo, kuma saƙona ya riga ni isa. Ta ajiye cokali.

"Mene ne wannan?"

Na buɗe baki, Faransancin da na shekara goma sha biyar ina ci da shi a jarrabawa ya watse. Na fara daga tsakiya, na koma farko. Na ce akwai waya, na gan ta, na bar ta da gangan. Na ce akwai tsoho. Na ce 'yarsa tana asibiti tana naƙuda.

"Tun yaushe wayar take wurin?"

"Da daɗewa, Madam."

"Wifi a bakin titin kwantenoni, a hanya ɗaya da kwamfutocin da ke riƙe da takardun kwastan na mutane?" Muryarta ta hau. "Kin san kowane direba da ya tsaya a wurin yana iya shigowa cikin gidanmu? Saboda irin wannan na kawo tsarin nan. Ke kuma da safe na gama yabonki."

Gaskiya ta faɗa, kuma ni da Kawu ba wanda ya taɓa kallon abin ta wannan fuska. Hawaye suka taru, na ƙi barinsu su sauko, don kada ta zaci roƙo nake yi da su.

Ta daɗe tana kallon allon. Sai ta ce, "'Yar tasa, cikin na nawa ne?"

"Na fari."

Ta ja numfashi, ta tura min kujera da ƙafa. "Zauna. Ƙofar nan ba a nan za ta zauna ba. Ki mayar da ita sashen baƙi, inda ba ta ganin komai namu. Ki rage mata ƙarfi, murya kawai yake bukata. Akwatin nan a canza masa kalmar sirri yau ɗin nan. Ga kuma gurbin da ban taɓa barinsa fanko ba: wa ke da alhakinta?"

"Ni ne, Madam."

Kawu ne a bakin ƙofa, hularsa a hannu, ruwa yana ɗiga daga wandonsa a kan tayil. Ban san lokacin da ya biyo ni ba.

"Kai, gobe da safe ina son ganinka, da kai da ita," in ji ta. "Ke kuma rubuta."

Na rubuta a gabanta. Sau ɗaya manhajar ta nuna min jan layi, na manta lambar sashen baƙi. Madam ta faɗa min, na gyara. Ta karanta tun daga sama, ta danna. Layin ya koma kore.

Muka sauko muka bi gefen kwantenoni, laima ɗaya, Kawu yana karkato ta wajena. Muka wuce rumbu. Sannan ya yi gyaran murya.

"Injiniya."

"Na'am, Kawu."

"Akwai wasu wayoyin guda biyu. Ɗaya a gareji, ɗaya wurin matar da ke dafa wa direbobi abinci."

"Gobe mu gaya mata da bakinmu."

"Ke za ki fara, na ga kin iya."

Tun kafin mu isa muka ji wayar tsohon tana ƙara, saƙonni suna shigowa a jere. Bai taɓa ta ba. Wata motar kwantena ce a bakin ƙofa, sai da ya duba takardar direba, ya ɗaga sanda, ya sauke, ya koma benci, ya goge hannunsa a riga. Sannan ya danna na ƙarshe ya kai kunne. Ni da Kawu muka tsaya nesa kaɗan muna kallon katanga. Duk da haka muryar wata tsohuwa tana fitowa, da hayaniyar mata a bayanta, da wani siririn kuka.

Ya saurara har ƙarshe. Ya sauke wayar, ya shafa fuskarsa da tafin hannu biyu, ya daɗe a haka.

"An samu baƙuwa," in ji shi. "Su duka lahiya."

Kawu ya yi hamdala da ƙarfi, ya kama hannunsa yana girgizawa yana ce masa angon jika, wai yanzu sai ya nemo kuɗin zance. Tsohon ya yi dariya har haƙoransa biyu na gaba suka fito. Ni na ce Allah ya raya, a hankali, ban san ko ya ji ba.

Sai ya danna wayar ya kawo ta bakinsa don ya mayar da amsa. Ya gaida matarsa. Ya gaida ƙaninsa, da mai motar da ya kai su, da ungozomar da ta bi su, da likitan da bai sani ba. Ya tambayi gero, ya tambayi ko an yi ruwa. Ya yi shiru, yatsansa yana kan wayar, saƙon yana ta tafiya ba magana. Ya juya mana baya kaɗan, ya rage murya.

"Ita kuma waccan, ku ce mata ta sha kunun da zahinshi. Ku ce na ji."